Wai kakannin matata 'yan Kweka ne da suka shigo Amurka tare da William Penn, ta ina zan fara bincike?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka, matata 'yar nan ce, danginta suna cewa asalinsu 'yan Kweka (Quaker) ne, wata ƙungiyar Kirista, wai kakansu na farko jirgi ɗaya ya shigo da William Penn, wanda ya kafa Pennsylvania. Ina son in rubuta wa yaranmu tarihin gidan mahaifiyarsu kamar yadda na rubuta musu na wajena, amma abin da nake gani a intanet duk ya saɓa wa juna. Ta ina zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya raya yaran ya yi musu albarka. Gaskiya ka yi tunani mai kyau, kuma ka yi sa'a, domin a cikin duk turawan da suka tsallaka Amurka zamanin tana ƙarƙashin Ingila da wuya ka samu jama'ar da ta bar rubutu a kan iyali kamar 'yan Kweka. Amma shawarata ta farko ka ajiye maganar jirgin nan tukuna. A nan ne yawancin mutane suke ɓata lokacinsu. Abin da za ka nema shi ne sunan taron wata-wata da gidan yake ciki, wato reshen ƙungiyar da ke riƙe da littattafan yankinsu, idan ka samo wannan to ka kama bakin zaren.

Bari in ɗan koma baya don ka gane dalili. Ƙungiyar ta taso ne a Ingila a hannun George Fox, wanda aka haifa a 1624, ya fara wa'azi wajen 1647, ta kuma yi ƙarfi a arewacin ƙasar daga 1652. Su da kansu Abokai suke kiran junansu. A lokacin ba su da fasto, ba sa yin baftisma da ruwa, ba sa rantsuwa ko a gaban alƙali, ba sa biyan ushirin cocin gwamnati, ba sa cire wa kowa hula komai girmansa. To a wancan lokacin littafin cocin unguwa shi ne shaidar haihuwar mutum da aurensa da mutuwarsa, kaga mutanen da suka fita daga cocin ai sunansu ba zai shiga ba, ga kuma maganar gado da halaccin 'ya'ya a kotu, sai ya zama dole su buɗe nasu littattafan, kuma suka riƙe su da gaske. Wannan larurar ce ta zama ribarka yau.

Sannan ka sani ba da Penn aka fara ba. Tun 1656 Mary Fisher da Ann Austin suka sauka Boston daga Barbados, aka kulle su aka kore su, kuma tsakanin 1659 da 1661 an rataye 'yan Kweka huɗu a garin, cikinsu har da Mary Dyer. Ita Mary Fisher ɗin nan ce ma ta yi tattaki a 1658 ta je ta gana da Sarkin Daular Usmaniyya Mehmed na huɗu, ya saurare ta cikin mutunci ya sallame ta lafiya, abin da ba ta samu ba a Boston. Akwai 'yan Kweka a Rhode Island da Long Island da Maryland da Virginia da Carolina tun kafin a san da Pennsylvania. John Fenwick ya kafa Salem a yammacin New Jersey a 1675, jirgin Kent ya kawo waɗanda suka kafa Burlington a 1677. Sai a Maris 1681 Sarki Charles na biyu ya ba Penn ƙasar, a madadin bashin kusan fam 16,000 da mahaifinsa yake bin sarauta. Penn ya riƙa sayar da eka 5,000 a fam 100, ya kuma yi alƙawarin eka 50 ga duk baran da ya gama wa'adin aikinsa. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi, don gidaje da yawa da suke tinƙaho da cewa kakansu mai gona ne, idan aka bi sai a tarar a matsayin bara ya shigo, wani ne ya biya masa kuɗin jirgi ya yi masa aikin shekaru, kuma ni ban ga abin kunya a ciki ba ko kaɗan.

Yanzu jirgin. Sunansa Welcome, ya taso daga Deal a Ingila a ƙarshen Agusta 1682, ya iso New Castle a bakin kogin Delaware ranar 27 ga Oktoba. Fasinja kusan 100 ne, agana ta ɓarke a hanya ta kashe kusan 30. Jerin sunayen fasinjojinsa bai iso gare mu ba. Duk wani lis da ka gani a intanet wani ne ya harhaɗa daga baya, wasu da hujja wasu da son zuciya. Waɗanda aka tabbatar an gano su ne ta wasiyyoyin da marasa lafiya suka bari a cikin jirgin da sunayen shaidunsu, da rajistar kayan da aka loda a tashar Landan, da 'yan wasu takardu. Abin ya yi yawa har wani masani George McCracken ya fitar da littafi guda a 1970 yana tace masu iƙirarin, waɗanda suka tabbata, waɗanda aka ƙaryata, da waɗanda ake shakka. Kuma jirage kusan 23 ne suka kawo mutane a wannan tashin na farko, saboda haka "ya zo tare da Penn" sau da yawa yana nufin ya zo a shekarun ne kawai, baki ya ɗauka ya kai wa baki har ya zama jirgi ɗaya. A 1684 an yi doka kowa ya yi rajistar zuwansa, amma kaɗan ne suka yi, abin da ya rage na Filadelfiya ne da na gundumar Bucks, ka duba ko Allah zai sa ka dace, kada dai ka ɗora rai.

To me ya sa na nace a kan taron wata-wata? Tsarinsu hawa-hawa ne. Akwai ƙaramin taron ibada na unguwa, da yawa daga cikinsu suke haɗuwa su zama taron wata-wata, sama da shi na wata uku-uku, sannan na shekara. A na wata-watan ne ake yin duk harkar da ta shafe ka, can ake rubuta haihuwa da jana'iza, can ake ba da izinin aure, can ake ladabtarwa, can ake karɓar baƙo a kuma sallami mai tafiya. Kuma a da littafi biyu ne fa, na maza daban na mata daban, don mata suna da nasu zaman da tasu magatakardar. Mutane da yawa na karanta na maza su tsaya, alhali abin da ya shafi budurwa ko bazawara ko uwar gida a na mata yake, wani lokacin da bayani fiye da na mazan.

Takardar da ta fi komai daraja a wajena ita ce takardar ƙaura. Idan ɗan Kweka zai tashi daga wani gari, sai ya nemi taronsu ya rubuta masa shaida zuwa taron inda za shi. Za a naɗa mutum biyu su bincika, ya biya basussukansa? halinsa ya yi? in ba shi da aure, ko ya yi wa wata alƙawari ya bar ta? Sai a rubuta a sa hannu. Idan ya isa ya miƙa, a karanta a gaban jama'a, a shigar cikin littafi cewa an karɓi wane da matarsa da 'ya'yansa daga taro kaza a gunduma kaza. Kaga layi ɗaya ya ba ka garin da ya fito a Ingila ko Wales ko Ayilan, abin da masu binciken wasu gidaje suke shekara da shekaru suna nema. Abin lura, ranar da aka karanta takardar ba ita ce ranar isowa ba. Wani sai ya shekara biyu kafin ya kai tasa, wani ma sai ya sauka sannan ya aika gida a aiko masa. Wasu na farko-farkon ba su zo da komai ba.

Sai maganar kwanan wata, ita ce ta jawo rabin saɓanin da kake gani. A da 'yan Kweka ba sa kiran sunayen watanni da ranaku saboda da yawansu sunayen gumakan da ne, lamba suke sa wa, wata na 1, wata na 2, rana ta 1 ita ce Lahadi. Matsalar ita ce kafin 1752 shekara a ƙasashen Ingila tana farawa ne 25 ga Maris, don haka wata na 1 Maris ne ba Janairu ba, na 7 Satumba, na 10 Disamba, na 11 Janairu, na 12 Fabrairu. Daga 1752 ne wata na 1 ya koma Janairu, kuma a Satumbar shekarar aka tsallake kwana 11, daga 2 ga wata aka wayi gari 14. Wanda bai san wannan ba sai ya ga wata na 7 ya buga Yuli a kwamfuta, wasu ɗari su kwafa. Har ka ga an haifi yaro kafin auren iyayensa a bishiyar dangi, alhali kuskuren mai kwafi ne. Idan ka ga 1683/4 kuma, yana nufin tsakanin Janairu da 24 ga Maris ne, a lissafinsu 1683 a namu 1684. Dan Allah ka riƙa kwafe kwanan wata yadda ka same shi, ranar 23 wata na 7 1720, in za ka fassara ka sa a gefe.

Wannan kwanan watan da na kawo na auren Squire Boone ne da Sarah Morgan a taron Gwynedd, kuma har yau za ka ga wasu sun rubuta Yuli wasu Satumba. Gidan Boone misali ne mai kyau na yadda takardun nan suke bin iyali, bari in tsaya a kansu. George Boone masaƙi ne a Bradninch, kusa da Exeter a yankin Devon. Bai kwashi gida gaba ɗaya ya yi kasada ba, sai ya fara tura manyan 'ya'yansa uku, George da Sarah da Squire, wajen 1713 su je su gani, sannan shi da matarsa Mary da sauran yaran suka biyo a 1717, da takardar ƙaurarsu daga taron Cullompton. Haka gidaje da yawa suka yi, shi ya sa kada ka ɗauka duk 'yan gida ɗaya shekara ɗaya suka zo. Squire ya auri Sarah 'yar gidan mutanen Wales, suka koma kwarin Oley, a can aka haifi Daniel Boone, mafaraucin nan da ya yi suna a tarihin Kentucky, ranar 22 ga Oktoba 1734 a tsohon lissafi, 2 ga Nuwamba a sabo. A 1742 babbar 'yarsu ta auri wanda ba ɗan ƙungiya ba, kuma tana da ciki, aka sa iyayen suka ba da haƙuri a gaban taro. A 1747 ɗansu Israel shi ma ya yi aure a waje, wannan karon uban ya ƙi ba da haƙuri ya tsaya wa ɗansa, sai aka cire shi, uwar kuwa ta ci gaba da zuwa taro. A 1750 ya sayar da gonarsa ya kwashi iyali, suka ƙare a kwarin kogin Yadkin a North Carolina.

Duba abin da ya faru a nan. Daga ranar da aka cire mutum, littafin taro ya daina bin sa. Auren waje shi ne babban abin da ya riƙa fitar da mutane, sai auren ɗan kawu ko 'yar inna na kusa, da shaye-shaye, da ƙin biyan bashi, da ɗaukar makami, wanda ya yi yawa lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka. Korar ba ta nufin an hana shi shiga ibada ko dangi sun yanke shi, hannu ne aka cire masa daga harkar taro, kuma in ya rubuta takardar nadama aka gamsu ana mayar da shi. Ni a ganina waɗannan shafukan ladabtarwar sun fi ko'ina nuna maka mutanen a matsayin mutane, da taurin kansu da soyayyarsu, kada ka ɓoye wa yara su. Amma daga nan sai ka koma takardun gunduma, wasiyya, takardar sayen gona, lis ɗin haraji. Tunda ka ce dangin matarka "asalinsu" suke cewa, da alama akwai wani a tsakiya da ya fita ta wannan ƙofar, kuma gano shi shi ne rabin aikinka.

Takardar aure ma ka karanta ta har ƙasa. Tunda ba fasto, saurayi da budurwa sai sun bayyana a gaban taron wata-wata sau biyu, a bincika yardar iyaye, sannan ranar aure su miƙe su faɗa da bakinsu, duk wanda ya halarta ya sa hannu. A al'ada 'yan uwa na jini suna sa hannu ne a layin dama, ƙarƙashin sunan ango da amarya, iyaye a sama. Daga nan za ka iya gane uwa ta rasu in ba sunanta, ko yaya ta yi aure in sunan gidanta ya canza. Ba doka ba ce mai tsauri, alama ce, sai ka nemi wata takardar ta ƙarfafa ta.

In har suna da jinin Wales, akwai abin da kai Bahaushe za ka fi Ba'amurke saurin ganewa. Penn ya ware wa mutanen Wales eka 40,000 a yamma da Filadelfiya, inda Merion da Haverford da Radnor suke, kuma su a lokacin da yawansu ba su da sunan gida tsayayye, sunan uba ake jinginawa, kamar yadda muke cewa Musa Garba, ɗansa kuma ya zama Sani Musa. John ap Thomas na nufin John ɗan Thomas, 'ya'yansa sai su zama Jones. Ap Evan ya koma Bevan ko Evans, ap Hugh ya koma Pugh, ap Howell ya koma Powell. Kaga wa da ƙani na iya ƙarewa da suna daban-daban, mutum biyu masu suna Jones kuma babu abin da ya haɗa su. Ko a turawan Ingilan ma suna maimaita sunan kaka ƙwarai, sai ka samu John uku a taro ɗaya lokaci ɗaya, to ka bambance su da sunan mata da wurin gona.

Inda za ka samu takardun kuwa, na yankin Filadelfiya suna laburaren kwalejin Swarthmore da na kwalejin Haverford, na North Carolina a kwalejin Guilford, na Indiana da yawa a Earlham. An ɗauki hoton da yawa, suna kan shafin intanet na Ancestry. Akwai babban kundin William Wade Hinshaw mai juzu'i shida da ya fito tsakanin 1936 da 1950, ya taƙaita bayanan taruka da gajerun haruffa, rocf an karɓe shi da takarda daga wuri kaza, gct an ba shi takarda zuwa wuri kaza, mou ya yi aure a waje, dis an cire shi. Yana da amfani sosai, amma taƙaitawa ce, kuma tarukan Pennsylvania da yawa ba sa ciki, don haka rashin ganin suna a Hinshaw ba hujja ba ce. In ya nuna maka shafi ka je ka ga asalin. Dutsen kabari kuwa kada ka sa rai, na farkon ba sa so, suna ganin alfahari ne, wasu wuraren ma tumɓuke su aka yi.

Idan takardar ƙaura ta tsallakar da kai Ingila, rajistocin haihuwa da aure da jana'iza na can an miƙa wa gwamnati wajen 1840, yanzu suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kew da ke Landan ƙarƙashin lamba RG 6. Sannan ka nemi sunan a kundin Joseph Besse na 1753, wanda ya tattara wahalhalun da aka gana musu gunduma-gunduma, wane an ƙwace masa saniya saboda ushiri, wane an kulle shi saboda ya ƙi rantsuwa, wane an ci shi tara don an yi taro a gidansa. Dokokin 1662 da 1664 ne suka tsananta wannan, sai 1689 aka samu sassauci. A nan ne za ka ji dalilin da ya sa mutum ya ɗauki jarirai ya shiga teku wata biyu.

Wani lokacin zaren yana tsinkewa ba laifin kowa. Littattafan farko na taron Hopewell a Virginia sun ƙone a 1759, kuma ta nan ne gidaje da yawa suka bi daga Pennsylvania zuwa Cane Creek da New Garden a North Carolina, kafin jikokinsu su tashi zuwa Ohio da Indiana a farkon shekarun 1800, galibi don guje wa ƙasar bauta. Rikicin George Keith, wani ɗan Kweka da ya saɓa da shugabanninsu wajen 1692, ya fitar da wasu zuwa cocin Baptist da na Anglican. Bayan da ƙungiyar ta rabu gida biyu a 1827 kuma za ka iya samun taro biyu da suna ɗaya a gari ɗaya, kowa da littafinsa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu 'yan Afirka kai tsaye, kuma ina roƙonka kada ka tsallake shi. An san 'yan Kweka da yaƙi da bauta, gaskiya ne, amma ba haka suka fara ba. Penn kansa yana da bayi a gidansa na Pennsbury. A 1684 jirgin Isabella ya sauke 'yan Afirka 150 a Filadelfiya, mazauna garin suka saye su. A 1688 mutum huɗu a Germantown, cikinsu har da Francis Daniel Pastorius, suka rubuta takardar ƙin amincewa da bauta, aka yi ta miƙa ta daga taro zuwa taro ba a yanke komai ba. Sai da irin su Benjamin Lay da John Woolman da Anthony Benezet suka yi shekaru suna fama, a 1758 aka ɗauki mataki a kan masu saye da sayarwa, a 1776 taron shekara na Filadelfiya ya ce duk wanda ya ƙi 'yanta bayinsa a cire shi. Kusan shekara 90 ke nan. Saboda haka in ka samu wasiyyar kakan ko lissafin dukiyar da ya bari, ka karanta duka, in ka ga sunan mutum a jere da dawaki da tukwane ka kwafe shi yadda yake, da shekarunsa in an rubuta. Tarukan sun ajiye takardun 'yantawa su ma, da sunan wanda aka 'yanta da ranar. Akwai baƙaƙen Amurka da suke neman waɗannan sunayen ido rufe, kuma yaranka da suka haɗa jinin ɓangarorin biyu sun cancanci su san duka labarin.

A aikace, ka zauna da mafi tsufa a dangin matarka, ka tambayi ko akwai tsohon Baibul na gida, don a shafukan farkonsa suke rubuta haihuwa da mutuwa. Ka fara daga ita, ka koma baya ɗaki-ɗaki da takarda a kowane mataki, ƙidayar jama'a ta Amurka za ta kai ka har 1850 da sunan kowa a gida ban da bayi, kafin nan sunan maigida kawai ake rubutawa. Inda ka fara ganin gunduma ɗaya ta maimaitu, ka nemi wane taron wata-wata ne yake kula da ita a shekarun. In ka samu gundumar da shekarar ka sake rubuto min, in sha Allahu zan faɗa maka taron da ya kamata ka buɗe littafinsa.